Raguna 16 a Fili Ɗaya: Rikicin Shugabanci a Garken Wani Mai Turka a Agege

Asalin lamarin

Mai wannan garke mutumin Yobe ne da ya daɗe a Agege. Sana'arsa ta kullum sayar da hatsi, amma duk shekara bayan ƙaramar Sallah yakan sa a kawo masa raguna daga Arewa, ya turke su wajen wata biyu, ya sayar gab da babbar Sallah. Za mu kira shi Alhaji, kamar yadda kowa ke kiransa a unguwar.

Filin da yake haya bai fi mita 9 a tsawo da mita 6 a faɗi ba. An kewaye shi da katako da langa-langa, rabinsa yana da rumfar kwano. Komin abinci guda ɗaya ne na katako, tsawonsa mita 3, an jingina shi a ƙurya don kada ruwan sama ya jiƙa dusa. Ruwan sha kuma yana cikin rabin durom a bakin ƙofa. Abincinsu harawar wake da ta gyaɗa, da kowa, da dusar alkama da ake kwaɓawa da ɗan kanwa safe da yamma.

A Legas babu zancen a kora dabba kiwo ta dawo da yamma. Ko ba don dokar hana kiwon sake da gwamnatin jihar ta sa wa hannu a watan Satumba na 2021 ba, ina dajin yake a Agege? Duk abin da rago zai ci kawo masa ake yi, kuma duk abin da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa a cikin wannan ɗan fili za a warware shi. Wanda aka fi ƙarfi ba shi da inda zai gudu.

5 zuwa 25 ga Afrilu, 2025: zuwan farko

Ranar Asabar 5 ga Afrilu aka sauke raguna 9 daga wajen Potiskum. Bakwai daga cikinsu a gida ɗaya aka saye su, tare suka tashi. Akwai wani ƙaton Uda, gabansa baƙi bayansa fari, ƙahonsa ya murɗe ya buɗe gefe. Sauran 'Yankasa ne, mafi girmansu wani mai baƙin zobe a idanu da yara suka sa wa suna Mai-tozali.

Mako uku babu wani faɗa da za a faɗa. In an zuba dusa, Udan zai taho a hankali, ya ɗan karkatar da kai ya nuna ƙaho, wanda ke wurin ya matsa. Ba ya ma taɓa shi. Mai-tozali shi ke biye masa, sauran su jeru. Komin mita 3 ya ɗauke su ko da a matse. Alhaji ya ɗauka ya yi dace da raguna masu sanyin hali.

26 ga Afrilu: baƙi sun sauka

Da ya ga kasuwa za ta yi kyau, sai ya aika aka ƙaro masa guda 7 daga Maigatari. A cikinsu akwai Balami biyu, farare sol masu gantsararren hanci, ɗaya daga ciki bai gaza Mai-tozali a tsayi da kauri ba. Sun kwana biyu a tirela, suka iso da la'asar a gajiye. Aka buɗe ƙofa aka tura su cikin 'yan gida kai tsaye, aka zuba dusa a komin nan guda.

Da farko shinshina aka yi. Rago ya miƙe wuya ya bi gefen baƙo, ya ɗaga ƙafar gaba ya ɗan shure shi a ciki, wani ya yi yunƙurin haye bayan wani. Kafin magariba aka fara karo na gaske. Biyu za su fuskanci juna, kowa ya ja da baya taku biyar ko shida, su sunkuyar da kai su rugo, ƙarar ƙaho har bakin titi. Yaran unguwa suka hau katanga suna sowa, domin a Legas haɗa raguna karo wasa ne da ke da masoya har da masu caca a kai, duk da malamai suna hanawa. Sai da aka kore su.

Washegari da safe aka tarar ƙahon hagu na wani matsakaicin 'Yankasa ya fashe daga tushe, jini ya bi masa kunci. Wannan ba ƙaramar asara ba ce ga mai ragon layya. Hadisi ya hana layya da dabba mai ido ɗaya, da mai ciwo, da gurguwa, in aibin a bayyane yake, da kuma ramammiya ƙwarai. A mazhabar Malikiyya kuma, wadda yawancin masu sayen Alhaji ke bi, mai karyayyen ƙaho ba ya isarwa matuƙar wurin yana jini bai warke ba. Kowane karo, ke nan, yana iya fitar da rago daga sahun na layya ya mai da shi na mahauta.

27 ga Afrilu zuwa 3 ga Mayu: sanda, ruwa da igiya

Yaran Alhaji suka ɗauki aikin rabon faɗa. In biyu sun ja da baya, a watsa musu ruwa ko a shiga tsakani da sanda. Da rana abin yana ɗan aiki, da dare a koma gidan jiya. Faɗan da aka katse da rana shi ake ƙarasawa da asuba.

Aka koma ɗaure waɗanda aka fi gani a faɗa, wato Udan da babban Balamin, kowa a turkensa, sauran a sake. Rago a ɗaure ba ya iya juyawa ya tari karo da goshi, sai ya riƙa shan tunkuyi a haƙarƙari da cinya daga waɗanda a da ba su isa su tunkare shi ba. Dare ɗaya Balamin ya nannaɗe igiya a ƙafa, Allah ya sa mai gadi ya ji gurnaninsa. Aka kwance su.

4 zuwa 8 ga Mayu: an sayar da babba

Alhaji ya yanke shawarar cewa Udan ne uban tsiya, tunda shi ya fi kowa ƙarfi kuma a kusa da shi ake yawan ganin ƙura. Ranar Lahadi 4 ga Mayu ya sayar da shi ga wani mai shirin suna, a farashin da bai kai na jajibirin Sallah ba.

Kwanaki huɗun da suka biyo baya su ne mafi muni. Mai-tozali da babban Balamin, waɗanda a da Udan ke kutsawa tsakaninsu ya ture kowa gefe, suka samu fili. Ba wanda ya fi wani a fili, ba kuma wanda ya yarda ya sauka. Suna karawa su huta, su sake. A ƙasansu ma kowa ya shiga gwada na kusa da shi. Ranar 7 ga wata ƙaramin Balamin ya shiga tsakanin karo bai sani ba, aka take shi da katanga, ƙafar bayansa ta dama ta daina taka ƙasa. Bayan kwana biyu aka miƙa shi ga mahauta. Garke ya koma 14.

Wani dattijon dillali da ya tsufa a kasuwar dabbobi ta Oko-Oba ya leƙo gaisuwa a ranakun. Ya daɗe yana kallo kafin ya yi magana.

"Alhaji, ina baƙin-kan nan?"

"Na rabu da shi, Baba. Shi ya hana su zaman lafiya."

"Ai shi ke riƙe da su. Ka sayar da sarki ka bar 'yan takara."

8 zuwa 12 ga Mayu: magani da ƙarin dusa

A wannan tsakanin an lura huɗu daga cikin ragunan suna ramewa: ƙugu ya fito, gashi ya yi cirko-cirko. Aka ce tsutsar ciki ce ko gajiyar hanya. Aka ɗura musu maganin tsutsa, aka yi musu allurar bitamin. Babu laifi a ba rago maganin tsutsa a damina, amma ramar ba ta tsaya ba.

Sai aka ninka dusa kusan biyu, a komin nan dai guda. Cikin kwana uku manya uku suka kamu da zawo, ɗaya cikinsa ya kumbura har aka kira malamin dabbobi. Ya ce dusa ta yi musu yawa a lokaci guda ba tare da isasshiyar harawa ba, a rage. Ramammun kuwa suna nan yadda suke.

13 zuwa 16 ga Mayu: kwana huɗu ana kallo

Ɗan ƙanin Alhaji, wanda ke karatun ilimin halittu a wata jami'a a Legas, ya zo ya tarar da wannan hali.

"Baffa, ka ba ni kwana huɗu kada a sayar, kada a ɗaure, kada a canza komai. Zan zauna in rubuta abin da suke yi."

"Muna asara kana zancen rubutu?"

"Abin da aka gwada duk an yi shi ne ba a san wa ke kan wa ba, Baffa."

Dabarar ba tasa ba ce, kuma bai ɓoye ba. Tun farkon shekarun 1920 wani ɗan ƙasar Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya nuna cewa kajin gida suna da jeri: wannan tana sarar waccan, waccan ba ta ramawa sai dai ta sari ta ƙasa da ita, kuma da zarar jerin ya zauna faɗa yana raguwa. Ya gano haka ne da zama yana rubuta wa ta sari wa. Amma abin da ya fi tsaya wa yaron a rai shi ne binciken mirkat, wata 'yar dabba dangin tunku da ke zaune a hamadar Kalahari ta kudancin Afirka, nauyinta bai kai kilo ɗaya ba. Tun 1993 masana ƙarƙashin Tim Clutton-Brock na Jami'ar Cambridge ke bin rukunoninsu a yankin kogin Kuruman na Afirka ta Kudu. Sun san kowace da alamar rini a gashinta, sun saba musu hawa sikeli da ɗan guntun dafaffen ƙwai. A kowane rukuni mace ɗaya ce shugaba, ita ke haifar akasarin 'ya'yan da ke rayuwa, wajen kashi 80 cikin 100, sauran su yi reno da gadi. In cikinta ya tsufa takan kori manyan matan da ke ƙasanta daga rukunin, kuma an auna an ga waɗanda aka kora suna ramewa, masu ciki a cikinsu sukan yi ɓari. In ta mutu, yawanci wadda ta fi shekaru da nauyi ce ke gadonta.

A wani gwaji da aka buga a 2016, masanan sun ɗauki 'yan'uwa biyu-biyu, suka riƙa ciyar da mai ƙarancin nauyi dafaffen ƙwai har wata uku. Ɗayar da ba a ba komai ba sai ta ƙara ƙaimin neman abinci, ta ƙara nauyi, don kada ta ƙasa ta wuce ta. Darasin da yaron ya ɗauka shi ne muƙami da abinci a haɗe suke, kuma ba a gane su sai an san kowace dabba ɗaya-ɗaya an auna ta.

Ya sa wa kowane rago lamba da fenti a gadon baya, daga 1 zuwa 14. Ya auna kewayen ƙirjin kowanne da tef ɗin tela, a bayan ƙafafun gaba, tunda babu sikeli. Sannan safe da yamma in an zuba dusa, ya zauna a kan benci da littafi: wa ya ture wa, wa ya matsa, minti nawa kowa ya yi kansa a komi.

Abin da littafin ya nuna ya bambanta da abin da ake gani daga bakin ƙofa. Karo mai ƙara, wanda kowa ya damu da shi, kusan duk tsakanin raguna huɗu ne masu kusan girma ɗaya, kuma kullum ɗan Potiskum ne da ɗan Maigatari. Tsakanin waɗanda suka taso tare da wuya a ga karo. Babba da ƙarami ma ba sa karawa, ƙaramin tun daga nesa yake kaucewa.

Ɓarnar da ta fi yawa kuwa ba ta da ƙara. Komin yana ɗaukar bakwai ko takwas a lokaci guda, kuma da yake a ƙurya yake, ta gefe ɗaya kawai ake isa gare shi. Manya biyar suna shafe minti 20 zuwa 25 suna ci. Ramammun huɗu suna tsaye a baya. Lamba 11, wani ɗan 'Yankasa daga Maigatari, yakan zagayo ta ƙarshen komin ya saci baki biyu, Mai-tozali ya ɗago kai kawai ya dube shi, ya janye ya koma jikin katanga yana lasar katako. Lokacin da manya suka ƙoshi, abin da ya rage ɗan danshi ne a gindin komi. A cin abinci takwas da aka rubuta, bai taɓa yin minti 4 a jere yana ci ba. Ƙirjinsa santimita 71 ne, na sa'anninsa 76 zuwa 78. Ƙarin dusar da aka yi duk cikin manya ta tafi, shi ya kawo zawon.

Ya kuma lura da wani abu da ba wanda ya kula: maƙwabcin fili yana da tumaki mata biyu a ɗaure jikin katangar gabas, kuma a wannan kusurwar ake fara yawancin karon.

17 zuwa 20 ga Mayu: sabon tsari

Ranar Asabar 17 ga Mayu aka raba filin uku da katako, aka lulluɓe shingayen da buhuna don kada rukuni ya riƙa hango rukuni. Manya biyar wuri ɗaya, matsakaita biyar wuri ɗaya, ramammu huɗu, ciki har da mai fasasshen ƙaho, a na uku. Aka roƙi maƙwabci ya mai da tumakinsa ɗaya gefen gidansa, ya yarda.

Manyan nan biyar su ne matsala, domin Mai-tozali da Balamin duk suna ciki, kuma babu filin da za a ba kowa nasa. A nan dattijon dillali ya kawo dabarar da masu tumaki suka daɗe da sani: a matse su. Aka yi musu ɗan keji a ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa, daidai yadda kowa zai tsaya ya kwanta amma ba zai samu wurin ja da baya ba. Rago in bai ja da baya ba, karonsa turereniya ce kawai. Aka ba su harawa da ruwa, aka ɗauke dusa. Yaron ya kwana biyu yana dubawa saboda zafi da cunkoso, domin wannan dabara a yanayin Legas tana iya kashe dabba in babu inuwa da iska. Suka yi ta ture juna da kafaɗa da wuya. A rana ta biyu aka ga Balamin ya ɗora haɓa a bayan Mai-tozali, shi kuma ya sunkuyar da kai ya juya gefe. A rana ta uku duk sun ɗauki warin juna.

Da yammacin 20 ga wata aka buɗe musu sashensu, bayan an watsa tsofaffin tayoyi shida a ƙasa don hana gudu a miƙe. Aka sake su a daidai lokacin da aka zuba abinci, suna jin yunwa. An yi karo biyu marasa ƙarfi, Mai-tozali ya janye, shi ke nan.

Komin katakon aka jawo shi daga ƙurya aka sa a tsakiyar sashen manya, ana ci ta gefe biyu. Sauran sassan aka yanka duromin roba gida biyu aka yi musu komaye, biyu-biyu, nesa da juna, yadda kowane rago zai samu wajen rabin mita kuma babba ba zai iya tsare duka ba. Harawa ake fara zubawa, dusa ta biyo baya kaɗan-kaɗan. Aka kuma yi doka: babu sabon rago da zai shigo, babu wanda za a ɗauke daga sashe zuwa sashe.

21 ga Mayu zuwa 6 ga Yuni: sakamako

Daga 21 ga Mayu ba a sake samun rauni ba. Da aka sake awo ranar 3 ga Yuni, lamba 11 ya tashi daga santimita 71 zuwa 75. Biyu daga abokan ramarsa sun ƙaru da santimita 3 kowanne. Ƙahon da ya fashe ya bushe ya warke, aka nuna wa mai saye aibin, ya saya da ragi. A sashen ramammu ma jeri ya fito, lamba 11 ne a sama, yana ture sauran, amma da yake komi biyu ne wanda aka ture yana komawa ɗayan.

An fara sayarwa daga 2 ga Yuni, aka bar Balamin a sashensa har ranar ƙarshe. Kafin Sallah, Juma'a 6 ga Yuni, duk 14 sun tafi. Alhaji ya ce ya fitar da uwar kuɗinsa da ɗan abin da ba a rasa ba. Ribar da ya sa rai ta tafi a Udan da aka sayar da wuri, da Balamin da ya gurgunce, da kuɗin magani da dusar da aka yi ta zubawa a banza.

Abin da lamarin ya nuna

A ganina kuskuren farko shi ne na 26 ga Afrilu, kuma shi ya haifi sauran. Zaman lafiyar makonni ukun farko ba sanyin hali ba ne, sanin juna ne. Tumaki suna gane junansu ƙwarai: binciken Keith Kendrick da abokan aikinsa a Ingila, wanda aka buga a 2001, ya nuna tunkiya tana iya tuna fuskokin tumaki 50 har fiye da shekara biyu. Ragon da ya san wanda ya fi shi ba ya ɓata ƙarfinsa. Valerius Geist, wanda ya yi shekaru yana bin tumakin duwatsu a Kanada, ya ga cewa raguna suna karanta matsayi daga girman ƙaho, kuma faɗa mai tsanani yana tashi ne tsakanin baƙin juna masu ƙaho kusan ɗaya. Haka aka haɗa a Agege, a kan komi ɗaya, ga tumaki mata a bayan katanga.

Sanda da ruwa sun gaza ne domin suna katse faɗa kafin a san wanda ya yi nasara, sai a sake shi daga farko. Sayar da Udan ya fi komai tsada, domin shi kaɗai ne matsayinsa ba ya cikin gardama, kuma tafiyarsa ta buɗe gurbin da biyu masu ƙarfi ɗaya ke nema. Ko a wajen mirkat, wadda ta hau shugabanci takan ƙara nauyi a watannin farko, kuma ƙarin ya fi yawa in ta biye mata tana dab da ita a nauyi. Inda tazara ta yi kaɗan, nan gasa ke zafi.

Canje-canjen 17 ga Mayu an yi su ne rana ɗaya, amma littafin yaron ya raba aikin kowanne gwargwado. Matsewa da kawar da tumaki mata su suka kashe karon. Ramar kuwa komi ne ya warkar da ita, kuma ita ce ta fi damuna, domin rago huɗu sun yi kusan mako uku da yunwa a gaban abinci, ana yi musu allura, ba wanda ya tsaya ya ga ko bakinsu yana kai wa komi. Wannan haƙƙi ne a wuyan mai dabba tun kafin a zo maganar riba.

Alhaji ya bar shingayen a tsaye. Ya ce a turka mai zuwa sau ɗaya zai kawo raguna, in kuma dole ta sa ya ƙaro, baƙin za su yi mako guda a sashensu, a raba su bisa girma kafin a haɗa kowa da kowa, kuma tef ɗin tela zai riƙa zagayawa duk ranar Asabar.